Hotunan Duhu

"Rufe bakin," in ji Baba Direba, yana nuna mini murfin da haɓa, don hannunsa ya daina ɗaguwa.

Na tsaya da murfin a hannu kamar wanda aka zaga. Gari bai gama wayewa ba 'yarsa ta buga mana ƙofa, wai babanta na kirana a saman bene. Na hau na same shi a kujerar roba, an naɗe shi da bargo har wuya. Ga madubin hangen taurarinsa a kan ƙafa uku, ƙato kamar bututun ruwa, kyamara a manne a gindinsa.

"In rufe sannan in ɗauka? Hoton me ke nan?"

"Hoton duhu, maƙwabci. Danna kawai."

Ni mai hoto ne, da shagona a bakin titi, da fitilu biyu da labule mai zanen lambu. A sana'armu babu abin kunya kamar ka danna kyamara da murfi a rufe. Shi kuwa motar asibiti ya tuƙa har ya yi ritaya, sannan ya wayi gari wai shi mai hoton sama ne. Sai ya yi wata da watanni yana ɗaukar wuri guda, ya tara a kwamfuta, ya fito da wani abu kamar hayaƙi mai launi.

Da a nan abin ya tsaya, ina ruwana? Amma matata ta rataye hayaƙin nan a falonmu. Tun aurenmu nake ɗaukarta hoto, ba ta taɓa rataye ko ɗaya ba. Kullum ko na fito da ita da ƙiba, ko na kama ta ido a rufe. Nasa kuwa sai ta tsaya a gabansa da tsintsiya a hannu, ta manta da shara, tana cewa, "Kai, Allah mai iko!" Wallahi abin yana cina. Ba wai ina zarginta da wani abu ba, mutumin ya haife ta. Kallon nan nake ƙyashi.

"Kyamara in ta daɗe tana kallon sama sai ta ɗau zafi," ya ce, yana tsayawa yana jan numfashi. "Sai ta riƙa zuba ɗige-ɗigen ƙarya, kamar taurari. In ka rufe ta, ƙaryar kaɗai za ta fito. Kwamfuta ta gane ta, ta cire ta daga hoton taurarin. Amma sai yanzu, cikin sanyin nan, kafin rana ta taɓa ta."

"Me ya hana 'yarka ta yi?"

"Kuka take, ba za ta iya ba. Kuma wannan na matarka ne. Na yi mata alkawari tun bara."

To fa! Wato ni zan ƙarasa wa matata abin da za ta tsaya tana kallo ta manta da ni. Raina ya ce in ɗan karkata murfin, haske ya shiga ta gefe, hoton ya lalace, babu mai sani. Har na sa babban yatsa.

"Na san hotunana ba sa yi maka daɗi," ya ce, ido a lumshe.

"Wa ya gaya maka?"

"Gaisuwarka." Ya yi dariya, tari ya kama shi. "Kai da abin da kake ɗauka yake yi maka murmushi. Ni nawa bai ma san ina yi ba."

Maganar ba ta sanyaya mini komai ba. Amma ban taɓa sakin aikin banza daga hannuna ba, kuma ba a gaban direba zan fara ba. Na danna murfin ya zauna daram, na cire rigar sanyina na lulluɓe bakin madubin, na soma ɗauka. Kowane hoto sai an jira shi kamar ruwan shayi ya tafasa. Allon kyamarar ya riƙa nuna baƙi, baƙi, baƙi, shi kuma yana gyaɗa kai kamar ana nuna masa jikokinsa. Da rana ta leƙo, ni da 'yarsa muka sauko da shi a kujerar. Bai fi nauyin jakar kayan aikina ba.

Bai sake hawa benen ba. Ran nan da hantsi, ina shago ina gyara wa wani ɗan makaranta kwalar riga, matata ta shigo ba sallama, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baban yara, Baba Direba ya cika."

Na yi salati na kashe fitilu. Na ji mutuwar har cikin raina. Amma da na ga yadda take kuka, sai da na tambayi kaina ko ni zan samu irinsa.

Bayan an kwana biyu 'yarsa ta haɗa hotunan yadda ya koya mata, ta kawo mini in wanke. Na wanke a takarda mafi kyau da nake da ita, na sa masa gilashi, ina yi ina tsaki. Tarin taurari ne a murɗe kamar ruwa a bakin kwata, bayansu baƙi ƙirin, tas, babu ɗigon ƙarya ko ɗaya.

Matata ta riƙe mini kujera na buga ƙusa na rataye shi kusa da na farkon. Ta ja da baya ta daɗe tana kallo.

"'Yarsa ta ce da hannunka a ciki. Ina naka aikin?"

"Nawa shi ne wanda aka cire."

Ba ta juyo ba. Ta matsa ta kama gefen mayafinta ta goge gilashin, daidai wurin da babu tauraro, inda yatsana ya bar shaida. Ni kuma ina tsaye a bayanta da guduma a hannu.