Rigar Iyon Mahfuz

Huseina ta kwance ƙullin ta zube kayan a kan tebur, ta ɗago wata rigar iyo mai ruwan hoda tana jijjiga ta a gaban Djaïba.

"Ga abin da kike nema, Maman Bilkissou. Dubi nan, an ma rubuta hamsin ɗin da kike faɗa. Me zai kai ki cikin gari alhali ga shi a nan kasuwar Oloumi?"

Djaïba ta karɓa ta juya wuyan rigar. Lallai akwai rubutun, UPF 50+, alamar kariya daga rana, sai dai da ta goga babban yatsanta a kai, tawadar ta biyo fatarta. Babu sunan kamfani, babu lambar ɗakin gwajin da likita ya ce ta duba. Shekara tara rumfarta ta atamfa tana jikin ta Huseina, tare suke cin abincin rana, tare suke zagin ruwan sama idan ya hana ciniki. Ta ninke rigar a hankali ta mayar.

"Da Bilkissou ce kaɗai da na ɗauka," ta ce. "Amma kin san Jannat."

Kowa a layin ya san Jannat, ƙaramar 'yar Djaïba mai shekara tara, zabiya kamar ubanta Mahfuz. Kowa kuma ya san wata uku ke nan Mahfuz bai koma teburinsa na agogo da tabarau a ƙofar tashar jiragen ruwa ta Owendo ba, tun da gyambon bayan kunnensa ya ƙi warkewa aka ce kansar fata ce.

"Je ki," in ji Huseina. "Zan duba miki rumfa."

A cikin taksin-haya ta rungume jakarta a ƙirji. Mahfuz ne ya kawo maganar ranar Laraba, bayan sun dawo daga asibiti. Ya ce shekararsa goma sha bakwai a Libreville, kullum yana ganin teku ta tagar mota, bai taɓa sa ƙafa a ciki ba saboda tsoron rana. Ga Jannat nan ita ma ta fara ɓuya a aji idan an fita hutun tara. Ba ya son ta gaji wannan tsoron tare da fatar. Ranar Lahadi za su je bakin teku, su huɗu.

"Kuma kowa ya sa iri ɗaya," ya ce. "Har ke. Idan ita kaɗai aka lulluɓe, za ta ɗauka ita ce mai laifi."

Kantin kayan iyon yana bayan wani babban otal, da sanyin na'ura da ƙamshin sabuwar roba. Matar da ke tsaron wurin, wata Balarabiya mai furfura a gefen kai, ta ce sunanta Yasmine. Da Faransanci suka yi magana. Djaïba ta ciro takardar likita ta miƙa mata, tana jin nauyin bakinta kamar wadda ta zo roƙo.

Madam Yasmine ba ta yi mata kallon da ta saba gani ba. Ta fito da riguna masu dogon hannu da wanduna har idon sawu, da huluna masu lulluɓin da ke sauka kan wuya. Ta nuna mata takardar da ke rataye a jikin kowace, da lambar gwaji, ta ɗora wayarta a kan tambarin sai ga shaidar ta fito.

"Ba kauri ba ne kawai," ta ce. "Saƙar ce. Wannan ko ta jiƙe ba ta barin rana ta wuce."

Djaïba ta zaɓa wa Bilkissou shuɗiya, don yarinyar ta kai goma sha huɗu, ba ta son abin da zai sa a kalle ta. Jannat kuwa tun a gida ta yi oda: rawaya, mai kifaye idan akwai. Babu mai kifaye, akwai mai kunkuru. Tata ta ɗauki baƙa mai haɗe da rufin kai, ta kara a jikinta a gaban madubi, ta ji kunya ta kama ta, mace mai shekara arba'in da kayan iyo.

"Saura maigida," in ji Madam Yasmine. "Wace lamba yake sawa?"

Djaïba ba ta san lambar ba yanzu. Ta buɗe jaka ta ciro farar rigarsa ta aiki, mai dogon hannu, wadda ta zo da ita don gwaji.

"Kamar wannan, amma a rage. Ya rame."

Matar ta karɓi rigar ta ware ta don ta auna kafaɗa. Hasken ƙofar gilashi ya bugo ta baya, sai ga yatsunta biyar ana ganinsu sarai ta cikin yadin.

"Irin wannan dai kada ya sa ta a bakin ruwa," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Farin yadi mai shara-shara kamar babu ne. Idan gumi ya jiƙa shi ma ya fi muni. Mutane da yawa ba su sani ba."

Djaïba ta dafa teburin kantin. Ita ce take zaɓo masa yadin nan da hannunta, tun suna ango da amarya. Duk ƙarshen shekara sai ta yanko yadi goma mafi laushi a kasuwa, ta kai wa tela, ta ce a yi hannun dogo har wuyan hannu, a ɗaga kwala. Fari, don kada ya ji zafi. Mara nauyi, don iska ta shiga. Da asuba take goge masa, ta tsaya a ƙofa tana kallonsa yana tafiya neman motar Owendo, zuciyarta a kwance cewa ta rufe mijinta.

"Madam? Ko in kawo miki ruwa?"

"A'a. Ba ni matsakaiciya. Shuɗiya mai duhu."

Ta cusa farar rigar can ƙasan jaka. Daga nan har unguwarsu ta Okala ba ta ga komai a hanya ba. Motar ta bi ta gefen teku, rana na walƙiya a kan ruwa, wasu samari na buga ƙwallo a yashi babu riga. Sai da direba ya ce mata sun iso sau biyu kafin ta sauka.

Ana kiran la'asar ta shiga gida. Jannat ta fizge ledar tun daga ƙofa, kafin a ce wani abu ta shige ɗaki ta fito cikin rawaya tun daga kai har ƙafa, tana ƙanƙance ido ta bayan tabaranta, tana kaɗa hannu wai iyo take a tsakar falo.

"Baba, kalli kunkuru! Yaya, sa taki mana!"

Bilkissou ta ce ita sai gobe. Ta ɗauki tata ta shige, amma Djaïba ta ji ƙarar ledar ana buɗewa a ɗaki.

Mahfuz yana kishingiɗe a doguwar kujera, bandeji ya naɗe masa wuya zuwa kunnen hagu. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da Jannat ta fita nuna wa maƙwabta, ya miƙa hannu, Djaïba ta ba shi tasa. Ya kawo takardar dab da idonsa yana karantawa a hankali, kamar yadda yake karanta komai.

"Ta gaske ce," ya ce. "Sannu da ƙoƙari."

Ta zauna a bakin kujerar.

"Baban Bilkissou, fararen rigunan nan da nake ɗinka maka..."

"Na sani," ya ce. "Likita ya gaya mini tun zuwan farko."

"Ka sani? Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"In faɗa miki ki yi yaya da shi? Ni ma da na san wani abu da ya fi su ai da na ce ki canza. Ban taɓa sa rigar da ta kai su daɗi ba, Djaïba."

Ta juya fuskarta wajen bango. Ya bar ta har ta gama kuka, sannan ya ce ta taimaka masa ya gwada. Ta tattare rigar ta zura masa a kai, amma wuyan mai tsawo ne kuma matsattse, yana isa kan bandejin Mahfuz ya ja numfashi da ƙarfi, ya riƙe hannunta. Ta zare da sauri. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Ya daɗe yana kallon rigar a kan cinyarsa.

"Kada ki cire takardar," ya ce. "Idan an cire ba za su karɓa ba. Ranar Litinin ki mayar, ki karɓo wa Jannat wata, ta 'yar shekara goma sha biyu. Yarinyar tana tsawo. Ni gobe sai in zauna a inuwa in kalle ku."

"Da bakinka ka ce kowa iri ɗaya."

"Na faɗa. Amma sau nawa zan sa ta? Ke ma kin ji abin da likita ya ce."

Daga waje muryar Jannat ta shigo, tana gaya wa wani cewa babanta ne zai riƙe ta a cikin ruwa, har inda ya kai mata wuya.

Djaïba ta tashi ta buɗe aljihun tebur, ta ɗauko babban almakashin da take yanka atamfa. Ta ɗauke rigar daga cinyarsa, ta shimfiɗa a kan tebur, ta auna da yatsu huɗu daga kafaɗar hagu.

"Djaïba."

Ta tsaga wuyan har ƙasa, ƙarar yadin ta cika falon. Ta nemo zare mai duhu ta zura a allura, ta zauna kusa da ƙafafunsa ta fara kalmashe bakin.

"Ƙarfe nawa za mu fita?" ta tambaya, idonta a kan ɗinkin.

Ta ci gaba da ɗinkin har ta kai rabi.

"Bakwai," ya ce. "Kafin rana ta ɗaga."