Jan Ƙwallon Dabino

Iƙama, wato takardar izinin zama, ɗaya tak ta rage a hannun Hamad, kafili mai tsaya wa leburorin ma'aikatar bulo a Madinar Masana'antu ta Jidda, ga kuma leburori biyar marasa takarda. Wanda bai samu ba, jirgin ruwan Asabar zai kwashe shi. Hamad ba ya son ɗaukar alhakin kowa, sai ya ce a yi ƙuri'a: ƙwallayen dabino biyar a jaka, ɗaya da jan fenti, wanda ya zaro ja shi ke da takarda. Ni ya danƙa wa jakar, wai Rafi'u mai ruwan sanyi ba ya ha'inci. Ayya, Hamad!

Cikin biyar ɗin har da Haladu, mijin ƙanwata Dela. Da sassafe ta tare ni a unguwar Kurayyat, ido jawur.

"Yaya, in aka tafi da shi, ina zan kai yara huɗu?"

Na balbale ta da faɗa, na ce ni ba macuci ba ne. Tana juya baya na tura jan ƙwallon cikin ƙanƙarata, da ya yi sanyi na mayar da shi jaka, na raɗa wa Haladu ya lalubi mai sanyi.

Wawa da ni, na manta a wurinmu babba ke fara sa hannu. Babba kuwa Baba Abdulghani ne, Bahaushen Sudan, shekara ashirin yana dako a Jidda, ba shi da kowa a can Sudan.

"Yalla, ya shaiba," in ji Hamad, wato tsoho ya fara.

Tsoho ya yi bisimilla ya zura hannu. Yatsunsa suka yi yawo, sai suka tsaya cak. Ya ɗago ya dube ni. In ya zaro, Haladu ya tafi. In ya buɗe baki, ni da Haladu mun kaɗe. Ya dubi Haladu, ya daɗe yana dubansa.

Ya zaro hannu. Ƙwallo ne ba fenti.

Haladu ya biyo, ya fito da ja. Hamad ya tafa ya ce, "Halas! Rabo ne, ba mai ƙorafi."

Ina naɗe jaka, kunya kamar in nutse, tsohon ya zo ya tsaya kusa da ni.

"Baba, sannu," na ce.

"Na taɓa shi, ɗana," ya ce a hankali. "Don 'ya'yan Dela na bar shi. Ranar Asabar kai za ka ɗaukar mini akwati zuwa jirgi."