Shanun Zenzi Sun Sauko Ba Kambi

A ƙauyen Oberrinn babu ranar da ta kai ranar saukowar shanu daga makiyayar kan dutse. Wata uku suke yi can sama, in sanyi ya fara leƙowa sai a koro su gida da manyan ƙararrawa a wuya da kambin furanni a ka. Sai dai kambin nan yana da sharaɗi tun zamanin kakanni: ba a ɗaura shi sai idan ko saniya ɗaya ba ta mutu a sama ba.

Shekara talatin da huɗu Zenzi Unterkofler tana kiwon shanun ƙauyen, kuma bana ce ta ƙarshe, don gwiwoyinta sun ce sun gaji. Ta ci burin saukowa da kambi, har ta fara haɗa furanni. Ana nan a watan Agusta, tsawa ta faɗa wa wata karsana, ta kashe ta.

Jajibirin saukowa sai ga Vitus, ɗan wanta kuma magajin gari, ya hauro yana haki. Ta ajiye masa burodi da cuku, ta ƙyale shi ya gama kewaye-kewayensa.

"Gwaggo, baƙi mota uku za su zo daga birni. Furannin nan suke son ɗauka a hoto."

"Su ɗauki tumbinka mana, ai ya fi kambi cika ido."

"Don Allah ki tsaya ki ji. Karsanar nan fa ba ta garinmu ba ce, ta mutumin kwarin can ce da ya ba ki kiwo. Namu arba'in da bakwai suna nan cif. Wa zai ce kin yi ƙarya?"

Zenzi ta ji maganar ta shige ta, don gaskiya ita ma ta daɗe tana saƙa hakan a zuci, kuma ta san wata damar ba za ta sake zuwa ba. Ta dubi kwandon furannin da ke bayan ƙofa, ta ɗauke kai.

"Kullum safiya da hannuna nake ba ta gishiri, ban taɓa tambayarta 'yar wane gari ce ba. Arba'in da takwas na hau da su, Vitus. Cinye cukunka ka sauka."

Washegari ta goge shanun tas, ta rataya musu ƙararrawa, ta shiga gaba da sandarta. Kawunansu fayau, babu kambi. Tun daga gadar katako kunya ta kama ta kamar ita ta kira tsawar.

Mutanen gari na ganin kawunan shanun suka gane. 'Yan badujala suka sauke ƙahoninsu, dattawa suka cire hula, ba a jin komai sai ƙarar ƙararrawa. A ƙofar coci wani baƙo mai kyamara ya tare Vitus yana ɗaga murya.

"Malam, ina furannin? Tafiyar awa huɗu muka yi fa!"

Zenzi ta rage tafiya, don ta ji da kunnenta irin haƙurin da ɗan wanta zai ba shi.

Vitus ya gyara tsayuwa, ya yi magana yadda duk dandalin zai ji.

"Saniya ɗaya ta mutu a sama. Mu a garin nan ba ma ɗora wa shanu ƙarya a ka. Matsa daga hanya, gwaggota za ta wuce."