Rami a Hancin Jirgin Madam Pouchet

Shekara ashirin da biyu ina aikin faiba a Chaguaramas, ina gyaran jikin jiragen ruwan da aka ƙera da wannan roba mai zare, ban taɓa ganin maigidana, Mista Lennox Bartholomew, ya ja da baya daga aikin da aka kawo masa ba sai ranar da Madam Carlene Pouchet ta ce a sa wa jirginta farfelar hanci.

Likitar haƙori ce daga San Fernando. Jirgin nata fari ne, ƙafa arba'in da shida, inji uku a baya, in ya ɗauki gudu kamar zai rabu da ruwa. Matsalarsa dogon hanci. In ta zo ɗaurewa iska na kaɗawa, sai hancin ya bi iska ya ƙyale ta. Sau biyu tana gogar jirgin maƙwabci. Maganin abin shi ne a huda hancin daga wannan gefe zuwa wancan, a sa bututu, a ɗaura ƙaramar farfela a ciki mai tura shi dama ko hagu.

"Madam, jirgin gudu ne fa wannan, ba motar kai yara makaranta ba," in ji Mista Lennox yana dariya. "Ki bari in ba ki mai kama miki igiya."

"Ni nake tuƙa abina, ni zan ɗaure shi."

"To akwai wadda ake liƙawa ta waje, ba sai an yanka ba."

"Ta ciki nake so. Kai ka samo min jirgin nan daga Grenada, ka ce ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Me zai hana a yanka?"

Ya yarda. Amma da ta tafi ya ja ni gefe ya ce, "Vishnu, ka ja ramin baya kamar ƙafa biyu daga inda ka saba."

Na gwada da safe, sai na tarar tankin ruwa ne a wurin da ya ce. Shi kuma ya shiga Port of Spain karɓo kaya, wayarsa ba ta shiga. Na yi alama inda ya dace, na kunna zarto.

Faifan da na yanko ta hagu ya fito lafiya. A bakinsa na ga farin fenti, ƙarƙashinsa ruwan toka, can ƙasa rawaya. Wannan ba wani abu ba ne, jirage suna canja launi. Da na yanko na dama kuwa, sai na zauna a kan bokiti. A tsakiyar faibar akwai wani siririn layi shuɗi.

Tun ina koyon aiki nake ɗiga shuɗi a cikin gam don in riƙa ganin kumfar iska. Duk gaɓar nan ba mai yin haka sai ni, har tsiya ake min a kai. Kuma na tuna hancin da na yi wa wannan faci. Shekara huɗu da suka wuce, wani jirgi rawaya mai suna Kiskadee, na Mista Anselm De Gannes, ya daki gungumen itace a mashigar teku ta Bocas, na kwashe sati biyu ina gyara damansa. Bayan shekara guda, ranar Talatar bikin Carnival da rana tsaka, kowa yana cikin gari, Kiskadee ya ɓace daga inda yake ɗaure a gaban ma'aikatarmu. Aka ce da haɗin bakin mai gadinmu, Boysie Ramlogan. Ba a kama shi da komai ba, amma an kore shi, ba kuma wanda ya sake ba shi gadi. Kwakwa yake sayarwa a bakin titin Carenage.

Na shiga cikin jirgin da tocila. An canja kujeru, an canja gilashin gaba. Lambar jikin jirgin ta fi faibar da ke kewaye da ita sabunta.

Wajen ƙarfe biyu Mista Lennox ya dawo. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ramin.

"Nan na ce ka yanka?"

"Tanki ne a can, maigida."

"Ina abin da ka yanko?"

Tun da nake ba a taɓa tambayata tarkacen da na yanke ba. Na miƙa masa na hagu. Ya jujjuya shi.

"Ɗayan fa?"

"Ya farfashe. Yana cikin shara."

Yana cikin kwanon abincina ne, ƙarƙashin gurasar roti. Can an jima na hango shi bayan rumfa, da farar rigarsa, yana tona durom ɗin shara da sanda.

Kwana uku ban faɗa wa kowa ba, har matata. Ita kanta Madam ban yarda da ita ba. Wa ya sani ko da saninta ta saya? Sai dai na yi ta tunani, wadda ta san abin da ke ƙarƙashin fenti ba za ta dage a huda ba. Mista Lennox kuma ya shiga yi min kirkin da bai saba ba. Ya tambayi lafiyar gwiwata, ya ce in je in huta, wani zai ƙarasa liƙa bututun.

Ran Asabar Madam ta zo duba aiki. Na bi ta har mota, na ɗora mata faifan a cinya, na gaya mata komai. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Ka tabbata aikinka ne, Mista Vishnu?"

"Madam, ke za ki gane haƙorin da kika cike?"

Ta ce in shiga mota.

Mun sami Mista Anselm a shagonsa na tayoyi. Ni na zaci zai rungume ni, domin mutumin nan har hawaye ya yi a gabanmu ranar da jirgin ya ɓace. Madam ta ajiye faifan a kan tebur. Bai taɓa shi ba.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Kiskadee yana Venezuela, ko yana ƙasan teku. Shuɗi kuma kowa na iya saya."

"Ba za ka zo ka duba ba?" in ji Madam.

"Ina da aiki." Ya kalli ƙofa, ya dawo da idonsa kaina. "Lennox ya san kun zo nan?"

Ba wanda ya ambaci sunan Lennox a cikinmu.

A mota Madam ta daɗe ba ta tayar ba. Sannan ta ce, "Inshora sun biya Mista Anselm kuɗin jirgin, ko?" Na ce haka muka ji a lokacin. Ta mayar da faifan cikin jakarta ta ja zif.

Ita ta kai maganar ga 'yan sanda da kamfanin inshorar. Aka zo aka ɗauki hotuna, aka kankare lambar, tsohuwar ta fito a ƙasa. Mista Lennox ya ce shi ma mutanen Grenada ne suka yaudare shi. Mista Anselm ya daina magana sai ta bakin lauya. Ni kuma aka ce aiki ya yi ƙaranci, in nemi wani wuri. Yanzu a bayan motata nake yawo da kayan aikina. Jirgin yana nan a kan turaku, an zagaye shi da igiya, hancinsa a huje. Madam ba ta sani ba ko zai dawo hannunta.

Na tsaya wurin Boysie in ba shi labari. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Ya fasa kwakwa ya miƙo min, ya ji ni har ƙarshe.

"Ai na faɗa tun a lokacin," ya ce. "Maigida ne ya aike ni sayo man janareta ranar nan, ya ce kada in yi sauri. Kowa ya ce ƙarya nake."

"Yanzu za su yarda, Kawu Boysie."

"Kai ma ka ji na faɗa, Vishnu. Shekara uku kana wucewa ta nan, ko hon ba ka yi min."

Gaskiya ya faɗa. Na ce lauyan Madam yana so shi Boysie ya je ya ba da shaida ranar sha huɗu ga wata, zan zo in ɗauke shi. Ya goge addarsa a wando, ya ce zai je, amma a motar haya.