Ɗaya Bakin Katakon

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni bai ko yi sallama ba. Na tsinci kaina a rumfar kafinta da ke bayan gidanmu, rana tsaka, garin katako yana tashi daga ƙasa yana komawa jikin katakon da ya fito. Ban yi mamaki ba. Ina goge gefen wasu dogayen katako biyu ne da magogi, don su haɗu su zama saman tebur.

Dogon katako ba aikin mutum ɗaya ba ne. Wani na gogewa, wani na riƙe da ɗaya bakin, ya durƙusa ya kanne ido, ya duba ko haske na ratsa tsakaninsu. Wannan aikin Yaya Sallau ne, wana, wanda muka binne da damina. Sai ga shi a wurinsa, fensir a bayan kunne.

"Akwai haske, Ilu. Ƙara gogewa."

Na ƙara. Duk gugar da na yi, katakon ya ƙara tsawo. Ya fita ta zaure, ya bi ta kasuwa, Yaya na can bakinsa yana ta ƙanƙancewa.

Sai ga ni a tasha. Wani ƙadangare mai hula yana yankan tikiti, ya ce ba a hawa katako sai da takalmi a hannu. Na cire nawa na hau. Na yi ta tafiya a kai, kaji na wuce ni a kan kekuna, amma bakin katakon ya ƙi zuwa.

Sai ga ni a rumfa kuma, ni ne a durƙushe. Na kanga ido a tsagar da ke tsakanin katakon biyu, sai na hango Yaya a cikin hasken, zaune kan bencinmu yana cin gyaɗa, yana watsa ɓawon inda na share, halinsa na kullum. Wallahi kewarsa ta kama ni.

"Saura kaɗan," in ji shi. "Guga ɗaya, ka shafa gam, ka ɗaure."

"Yaya, in ta rufe ta ina zan gan ka?"

"Kai dai ragon banza ne. Tebur da tsaga, wa zai ci tuwo a kai?"

Na ɗauki magogin, na karkatar da hannu da gangan, na kwashe tsakiyar katakon. Tsagar ta buɗe har hannu zai shiga. Yaya ya girgiza kai yana dariya, ya miƙo min gyaɗa ta ciki. Na miƙa hannu.

Ƙarar faɗuwa ce ta tashe ni. Na leƙa ta taga, gari ya waye. Akuyar maƙwabta ce ta ture tsohon duron da nake ɗora ɗaya bakin katakon a kai tun damina, bakin yana kwance a ƙasa ba mai riƙewa.