Farantin Tangaran na Hajiya Aina'u

A bakin ƙofar wani kamfanin robobi da ke Sharada akwai rumfar Hajiya Aina'u mai shinkafa da wake. Faranti ya fi hamsin a rumfar nan, duk na roba, in ban da guda ɗaya tak na tangaran, fari mai shuɗiyar fulawa a gefe. Kullum kuwa mutum ɗaya ake zuba wa a ciki, Baba Irmiya, tsohon makanikin janareta, mutumin Filato.

To, farantin nan shi ya tsone wa Labaran ido. Shekararsa sha tara yana jan buhu a kamfanin, yana ci a roba yana leƙen tangaran ta wutsiyar ido. Shi a lissafinsa, faranti na babba ne, kuma Baba Irmiya ya samu ne don babu wanda ya fi shi girma a masu cin abincin rumfa.

Kwatsam sai aka naɗa Labaran helma, aka ɗora shi a kan leburori ashirin, aka karɓe hular kwanonsa rawaya aka ba shi fara. Wayyo, hular nan ta ga gari! Da ita ya hau Adaidaita har Hotoro, an ce ma sai da matarsa Rumaisa ta ce ya cire kafin ya sa hannu a tuwo.

Ranar Litinin ya gaya wa yaransa leburori, "Yau ku zuba ido ku ga wanda zai ci a tangaran."

Jiniyar hutun azahar na bugawa ya taho yana taku ɗai-ɗai, ya zauna a tsakiyar benci, ya ɗora farar hular a gwiwa inda ko makaho zai yi tuntuɓe da ita.

"Hajiya, barkanku da rana. An ji labari kuwa?"

"An ji, ɗan nan, Allah ya taya riƙo," in ji ta, ta miƙo masa koren farantin roba, wanda gefensa ma ya taɓa narkewa.

Gwadabe, wani lebura ɗan Jigawa mai baki kamar reza, ya ce, "Oga, ashe tangaran ɗin ma kore ake yinsa yanzu?"

Benci ya ɗauki dariya. Labaran ya haɗiye shinkafa kamar tsakuwa.

Washegari ya zo da dabara. Ya lallaɓa kabad ɗin Rumaisa ya zaro tangaran ɗaya cikin kayan jerenta, ya kawo a leda.

"Hajiya, ga wannan, a ajiye a rumfa."

"Kai, Allah ya yi albarka!" in ji ta. "Dama ina neman inda zan riƙa zuba wa Baba Irmiya miya daban."

Haka ya zauna yana kallo, tsohon makaniki na ci da faranti biyu, ɗaya na auren matarsa. Da yamma sai da ya yi ta magiya kafin ya karɓo abinsa, don Rumaisa ta riga ta ƙirga kayanta ta bugo waya sau huɗu.

Ran Laraba haƙuri ya ƙare. Ya tari Hajiya tun kafin a taru, tana wanke-wanke.

"Don Allah Hajiya, ku gaya mini. Ni ne helma. Baba Irmiya ko mutum ɗaya ba ya ƙarƙashinsa. Da me ya fi ni?"

Ta ɗago ta dube shi, sannan ta fashe da dariya har soso ya faɗi daga hannunta.

"Au, dama abin da ke cinka ke nan? Da dauɗa ya fi ka, ɗan nan. Hannunsa kullum baƙin mai. In ya taɓa mini roba, ko omo mudu guda na zuba ba ya fita. Tangaran kuwa ɗauraya ɗaya ya yi fes."

Mai hankali da ya yi dariya ya bar zancen nan. Amma Labaran ya riga ya cika baki a gaban yara ashirin, kuma ya tabbata babu wanda ya ji bayanin sai shi. Su dai faranti za su gani.

Ran Alhamis, kafin jiniya, ya zagaya ɗakin janareta ya tsoma hannu biyu a bokitin tsohon mai har wuyan hannu. Ya iso rumfa da farar hula a ka, yatsu na ɗiga.

Hajiya ta dubi hannun, ta dubi hular. Sai ta ɗaga murya yadda har masu gadin ƙofa suka juyo.

"Baba Irmiya, yau sai haƙuri, an samu wanda ya fi ka ƙazanta! Ai ka san farantin na mai dauɗa ne. Ku matsa wa helma, kada ya goga muku!"

Baba Irmiya ya karɓi roba yana murmushi. "Ba komai, Hajiya. Amma ɗana, gobe in za ka tsoma, ka tambaye ni. Wancan bokitin har da mataccen ɓera a ciki."

Gwadabe sai da ya sauko daga benci don dariya.

Labaran dai ya ci a tangaran, da cokali, bayan an ba shi buta da sabulu ya yi wanki uku. Shinkafar ma ɗanɗanonta bai canza ba. Tun daga ranar kuwa, daga Sharada har Hotoro, in ka ce helma babu wanda zai gane. Sai ka ce Oga Baƙin Mai.