Randar Cikin Ɗaki

Shekara ɗaya da ƙirƙiro Jihar Kebbi, takarda ta iso ofishin su Mamuda cewa ana neman duba-gari guda a Birnin Kebbi, da ƙarin girma da gida. Mutum biyu ne suka cancanta. Mamuda ya shekara ashirin da biyu yana leƙa randuna da masai a ƙauyukan bakin tafki. Surajo kuwa shekararsa biyu da gama makaranta, yana da sabon babur da jakar kwalabe.

A watan Satumba, da tafki ya cika, zawo ya ɓarke a Tungar Mati, wani ƙauyen masunta kudu da Yelwa. Yara goma sha ɗaya suka kwanta, huɗu da jini. Shugaban ofis ya ba Surajo binciken. Mamuda aka ce ya raka shi, tunda yana jin Gunganci, yaren mutanen ƙauyen.

A hanya Surajo ya yi ta bayani. Ya ce yana zargin wata ƙwayar cuta, E. koli, da ke zaune a hanjin kowane mutum da kowace saniya, yawancinta ba ta cutarwa, amma akwai irin da ke sa zawon jini, har ta taɓa ƙodar yaro. Kashi ne ke kai ta ruwa. Mamuda yana bayan babur, yana kallon wuyan rigar Surajo mai guga.

Gida-gida Surajo ya bi yana tambayar inda ake ɗebo ruwan sha. Kowa ya nuna masa rijiyar gwamnati. Ya ɗiba, ya aika ɗakin gwaji, aka ce lafiya lau take.

Mamuda ya san dalili. Ruwan rijiyar yana da ɗanɗanon kanwa, wanki kawai ake yi da shi. Randar da ke tsakar gida ta duba-gari ce, don a nuna masa. Randar sha tana ɗaki bayan gado, cike da ruwan tafki. Kuma da rani, in ruwa ya janye, mutanen tungar kan roƙi Fulani su zaunar da shanu a gonakin gaɓa saboda taki. Yanzu ruwa ya rufe gonakin, a nan mata ke ɗiba.

Kwana huɗu yana fassara tambayoyin Surajo daidai, da amsoshin daidai, bai ƙara kalma ba. Ya ga Surajo ya daina goge riga, abin ya yi masa daɗi.

A rana ta biyar suka shiga gidan Delu, matar wani masunci. 'Yarta mai shekara uku tana kwance, idanu sun faɗa. Delu ta fito daga ɗaki da kwanon ruwan gishiri da sukari, yadda aka koya mata.

"Delu, ruwan wace randa ne wanga?" in ji Mamuda.

Ta sunkuyar da kai. Ya karɓi kwanon, ya zubar, ya ce ta ɗora tukunya. Sannan ya ɗaga labule ya nuna wa Surajo bayan gado.

Surajo ya cika kwalba, ya rufe, ya rubuta lamba.

"Tun yaushe kuka san da wannan, Malam?"

"Tun kana firamare."

Gwaji ya tabbatar. Aka sa kowane gida tafasa ruwa, zawo ya lafa cikin mako biyu, 'yar Delu ta tashi. Yaro ɗaya a gidan maƙwabta ya rasu tun a rana ta uku.

Mamuda ya karanta rahoton Surajo sau biyu. An rubuta cewa an gano tushen cutar a rana ta biyar, da taimakon Malam Mamuda. Babu maganar kwana huɗun. Ya so a ce Surajo ya kai ƙararsa, da ya sami abin riƙe shi da shi a zuci.

Surajo ya tafi Birnin Kebbi a watan Nuwamba. Ya bar wa ofis jakar kwalaben, Mamuda ya sa hannu ya karɓa.